Saura Ƙiris

A bakin tekun Recife, inda nake gasa wainar rogo,
hukuma ta kafa jan allo da hoton kifin shak:
kada a wuce gwiwa.
Ƙanena Kauê bai taɓa wuce idon sawu ba.
Yana shekara bakwai ya ga Genival mai hayar kujeru
ya kwance ƙafar roba yana kakkaɓe mata yashi.
Shi ke nan, wa'azi ya ƙare.
Gani ga wane.

Yau shekararsa sha shida.
Ƙarfe sha ɗaya na dare, idan fanka ta gaji da juyi,
sai hasken waya ya kama masa fuska,
sai muryar Tadeu ta shigo mana ɗaki babu sallama.

Tadeu mai farin haƙori, mai sarƙa har biyu,
mai kiran mutum dubu arba'in da suna ɗaya:
"Dangina!"
Ya danna, ƙwarya ta juya, tsabar zinare ta zubo,
ya miƙe tsaye a kan kujera yana ihu.
Ya danna, dubu goma ta tafi,
ya yi dariya, ya kurɓi lemo.
A wurinsa yaron ya koyi
cewa asara abar dariya ce, ba ta wuce daƙiƙa uku.

Na ce, Kauê, kuɗin wa yake zubarwa haka?
Ya ce, Jucilene, ke ba ki gane ba.
Akwai lokacin da na'ura take sakin hannu,
wajen ƙarfe biyu, shi ya faɗa.
Biyu sun jeru, na ukun ya tsaya a baki.
Saura ƙiris.

Saura ƙiris ta ci kuɗin motar makaranta.
Saura ƙiris ta ci takalmin ƙwallo
da na biya a wata huɗu.
Ranar Laraba na buɗe gwangwanin madara
inda nake ajiye kuɗin gas,
na tarar da ƙamshin madara kawai.

Ban dake shi ba.
Na zauna a ƙasa, na ce ya nuna mini.

Ya nuna mini shuɗin rubutu a ƙasan hoton,
ƙofar da ya bi ya shiga, mai ɗauke da sunan Tadeu.
Ni da ban gama sakandare ba
na san kamasho idan na gan shi:
mai kwale-kwalen da nake tura wa baƙi
yana ba ni biyu a kowane goma.
Na ce, to shi a cikin me ake ba shi?
A cikin cinka, ko a cikin faɗuwarka?

Yaron ya yi shiru.
Sannan ya ce, amma ya taɓa kiran sunana.
Ranar Asabar. A gaban kowa.
Ya ce, Kauê na Recife, jarumi.

Nan bakina ya mutu.
Rabon da wani namiji ya kira shi jarumi
tun kafin babanmu ya hau motar São Paulo.

Sana'ata rogo, na san farinsa,
na san masu yi masa kallon kitse.
Amma yaya zan kafa allo a cikin tafin hannu?
Wannan ruwan ba ya jan jini,
ba ya barin ƙafar roba a kan yashi.
Waɗanda ya cinye ba sa buɗe kyamara.

Yanzu da asuba yana riƙe mini rariya,
yana biyan gwangwani da gumi, reyal biyar biyar.
Jiya igiyar ruwa ta taso, ya ja da baya da sauri,
yadda ya saba.
Sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa,
ƙarar nan ta zubar tsaba.

Na ga hannunsa ya tashi.
Na ga ya tsaya a hanya, fari fat da garin rogo.

Ban ce komai ba.
Na juya wainar kada ta ƙone.